Ku Tambayi Likita: Ɗigon jinin da ake ɗauka a dunduniyar jariri

Wasiƙun da suka shigo a wannan karon da yawansu a kan abu ɗaya suke, wato gwajin jinin da gwamnatoci ke sa a yi wa jarirai sabbin haihuwa. Na zaɓi guda biyar, na taƙaita wasu saboda fili.

Assalamu alaikum Likita. Na haihu lafiya, yarona yana shan nono, yana barci, babu abin da ke damunsa. Kafin a sallame mu wata ma'aikaciyar jinya ta soki dunduniyarsa, ta ɗiga jinin a wata takarda. Bayan 'yan kwanaki sai ga waya wai mu dawo a sake gwajin. Tun ranar ban runtsa ba. Wata cuta suka gani suke ɓoye min? Daga wata uwa mai haihuwar fari.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Barka da sauka lafiya, Allah ya raya.

Ki shirya ki koma gobe da safe, kada ki jira ki warware, kada ki jira maigida ya samu sarari. Amma ki tafi da kwanciyar hankali, domin mafi yawan jariran da ake kira a sake musu wannan gwajin lafiyarsu ƙalau.

Wannan takardar da kika gani ba takardar rubutu ba ce, mai shan jini ce, kuma akwai 'yan da'irori da aka zana a jikinta. Aikin ma'aikaciyar shi ne ta soki gefen dunduniyar, ba tsakiya ba, ta goge ɗigon farko, sannan ta bari babban ɗigo ya taru ya taɓa takardar da kansa har ya cika da'irar ya ratsa ta baya. Idan ta matse ƙafar da ƙarfi, ruwan jiki zai gauraya da jinin. Idan ta ɗiga sau biyu a wuri ɗaya, jinin ya yi kauri. Idan aka sa takardar a ambulan tun ba ta bushe ba, ko aka bar ta a rana, ta lalace. Ya kamata a shimfiɗa ta a inuwa ta yi aƙalla awa 3. Masu ɗakin gwaji kuwa da sun ga ɗaya daga cikin waɗannan, ba sa kintace, sai su ce a sake. To kin ga wani kiran ma bai da alaƙa da yaron, aikin hannu ne bai yi kyau ba.

Akwai kuma lokaci. A Amurka ana ɗaukar jinin tsakanin awa 24 zuwa 48 da haihuwa, a Ingila kuma a rana ta 5. Jinin da aka ɗauka kafin jariri ya kwana ɗaya yakan ruɗar da na'ura, domin a awannin farko jikinsa bai daidaita ba. Haka bakwaini, haka jaririn da aka yi wa ƙarin jini: duk akan sake musu.

Sai kashi na uku, wanda shi ne kike tsoro: lambar da ta fito ta ɗan haura iyaka. Ko a nan ma ba hukunci aka yanke ba. Wannan gwajin rariya ce da aka yi wa ƙananan idanu da gangan, don kada mai cuta ko ɗaya ya zurare, saboda haka dole ta riƙe lafiyayyu da yawa tare da shi. Gwaji na biyu ne ke rarrabewa.

To me ya sa nake gaggauta ki? Saboda ɗan ƙalilan ɗin nan da abin ke tabbata a kansu, kwanaki ne ke raba su da nakasa. Ɗauki misalin ƙarancin sinadarin tayirod, wanda wani ɗan ƙullutu a gaban wuya ke samarwa. Ana samun jariri 1 cikin 2,000 zuwa 4,000 da aka haifa da wannan matsalar. A makonnin farko ba ya nuna komai. Sau da yawa ma yabonsa ake yi: yaro mai haƙuri, ba ya kuka, sai barci. Alhali ƙwaƙwalwarsa ce ke jiran abin da ba ta samu ba. Lokacin da za a lura cewa harshensa ya yi girma, cikinsa yana ɗaurewa, wuyansa bai tsaya ba, an riga an yi asarar da ba ta dawowa. Maganin kuwa 'yar ƙwaya ce, ana murƙushe ta a ɗan nono a ba shi sau ɗaya a rana. Idan aka fara cikin mako biyun farko, yaron nan zai tashi ya yi karatu tare da sa'o'insa ba wanda zai gane.

Idan kin je, ki tambaye su kai tsaye: takardar ce ta lalace, ko wata lamba ce ta fito? Idan lamba ce, ta wace cuta? Yaushe zan ji sakamako, kuma wa zan nema? Haƙƙinki ne, ba rashin kunya ba ne.

Likita, ni na hana a taɓa ɗiyata. Yarinya lafiyayya, a zo ana soka mata ƙafa tana tsala ihu, don a nemo cutar da ba ta nuna kanta ba? Kada allura ta tono garma. A danginmu da na uwarta babu mai irin waɗannan cututtukan. Daga wani magidanci.

Malam, tausayin uba ne, ban ga laifinka a nan ba. Amma hujjojinka biyu duka ba su tsaya ba, kuma zan faɗa maka dalili.

Na farko, batun cewa lafiyarta ƙalau. Muddin jariri yana ciki, jikin uwarsa ne ke masa aiki ta mabiyiya: abin da jikinsa ya kasa sarrafawa, jinin uwa ya kwashe. Shi ya sa yake fitowa garau. Sai an yanke cibiya ya fara shan nono, sannan abin da ya kasa narkarwa ya fara taruwa. A cutar da ake kira PKU, wani ɓangare ne na sinadarin gina jiki mai suna fenilalanin ke taruwa a hankali yana cin ƙwaƙwalwa. A galaktosimiya, sukarin da ke cikin nono ne ke komawa guba ga hanta, kuma cikin kwanaki kaɗan take kwantar da jariri. A MCADD, jiki ne ba ya iya juya kitse ya zama ƙarfi, sai ka ga yaro yana wasa watanni, ranar da zazzaɓi ya hana shi cin abinci sai ya faɗi. Wannan ta ƙarshe ma maganinta sani ne kawai: kada a bar shi ya daɗe da yunwa, kuma in ya fara amai a garzaya asibiti.

Na biyu, batun dangi. Yawancin waɗannan cututtukan sai yaro ya gaji abin daga uwa da uba a tare. Kowannensu yana ɗauke da rabi, lafiyarsa lau, bai ma sani ba, haka kakanninsa. Saboda haka galibin jariran da ake ganowa, a gidajen da ba a taɓa jin labarin cutar ba aka haife su.

Asalin abin ma iyaye ne suka taso da shi, ba gwamnati ba. A 1934 a birnin Oslo na ƙasar Nowe, wata uwa mai 'ya'ya biyu masu taɓin ƙwaƙwalwa ta dage cewa akwai wani wari da take ji a fitsarinsu. Likita Asbjørn Følling ya ɗiga wani sinadari a fitsarin, sai ya koma kore, abin da bai taɓa gani ba. Daga nan aka san PKU. A farkon shekarun 1950 a Bamingham ta Ingila, wata uwar ce kuma ta ƙi barin Likita Horst Bickel da abokan aikinsa su huta, har sai da suka haɗa wa 'yarta abincin da aka cire wa fenilalanin. Yarinyar ta samu sauƙi, amma an makara, ƙwaƙwalwar ta riga ta taɓu. Magani ya samu, saura yadda za a gano yaro tun bai lalace ba. Wannan shi ne abin da Likita Robert Guthrie ya warware a jihar Niyok ta Amurka a farkon shekarun 1960. Shi kansa yana da ɗa mai larurar ƙwaƙwalwa, kuma an samu PKU a jikin wata yarinya a danginsa. Dabararsa ita ce ya shuka ƙwayoyin bakteriya a faranti tare da abin da ke hana su girma, sai ya ɗora ɗan gutsuren takardar jinin. Idan fenilalanin ya yi yawa a jinin, sai ƙwayoyin su tsiro kewaye da gutsuren. A 1963 jihar Masachuset ta mayar da gwajin doka ga kowane jariri. Har yau a wurare da yawa katin Guthrie ake kiran takardar.

Kukan kuwa, akwai dabara. Uwar ta rungume ta tana ba ta nono a lokacin da ake yi, ƙafar a sake ta ƙasa, a tabbatar ba ta yi sanyi ba. Wasu jariran ko sakin nonon ba sa yi. Ka mayar da ita a yi, Malam, ko da an wuce ranar. Makara ta fi fashi.

Ɗana likita, an gwada jikana an ce sikila gare shi, SS. Yau watansa biyu, ɓul-ɓul da shi, ko mura bai taɓa yi ba. Sun ba uwar wani maganin ruwa wai safe da yamma har shekara biyar. Ni na ce kuskure suka yi, na hana a ɗura wa lafiyayyen yaro magani. Ka raba mu. Daga wata kaka.

Hajiya, ina gaisuwa. Zan raba ku, amma ki yi haƙuri, gaskiya tana wajen uwar yaron.

Ba a ganin sikila a jikin ɗan wata biyu. Ana haihuwar kowane jariri da wani nau'in jini na zaman ciki, kuma wannan jinin ba ya lanƙwashewa. Shi ke kare jikanki yanzu. A hankali yake raguwa, jinin sikilar yana maye gurbinsa, sai wajen wata biyar zuwa shida alamu su fara. Sau da yawa alamar farko kumburin bayan hannu da ƙafa ne, yatsu su cika, yaro ya yi ta ihu in an taɓa.

Amma ba ciwon ne ya fi ba ni tsoro ba, saifa ce. Saifa ita ke tace ƙwayoyin cuta daga jini, kuma a jikin mai sikila tun cikin shekarar farko take fara gazawa, shiru, ba alama. Daga nan ƙwayar cutar da za ta sa wani yaron ɗan tari, shi sai ta shiga jininsa. Zazzaɓi da safe, kafin dare magana ta ƙare. Yara da yawa haka suka tafi ba a taɓa sanin suna da sikila ba, aka ce zazzaɓi ne mai zafi.

Wannan maganin ruwan penisilin ne. A 1986 aka wallafa wani bincike a Amurka ƙarƙashin jagorancin Dakta Marilyn Gaston: an raba ƙananan yara masu sikila gida biyu, wasu ana ba su penisilin kullum, wasu ba a ba su. Muguwar cutar nan ta shigar ƙwayoyin cuta cikin jini ta ragu da kashi 84 cikin 100 a wajen masu sha, har aka dakatar da binciken tun lokacinsa bai cika ba, domin ci gaba da hana ɗaya rukunin ya zama zalunci. Wannan sakamakon ne ya sa aka ce a gwada kowane jariri, tunda ana so a fara maganin kafin ya cika wata uku, kuma ba za ka ba wanda ba ka gano ba.

Tunda ke ce babba a gidan, ga aikin da zan ba ki. Ki sa ma'aikatan su koya miki taɓa saifa. Yaro yana kwance a rigingine, hankalinsa kwance, ki ɗora tafin yatsunki a gefen hagu na cikinsa, ƙasa da haƙarƙari, ki danna a hankali. Ki san yadda wurin yake a ranar lafiya. Duk ranar da kika ji wani tauri ya sauko ƙasa, ga tafin hannu da leɓe sun yi fari, ga yaro ya yi laushi, jini ne ya taru a saifar, asibiti za a nufa a lokacin ko tsakar dare ne. A ajiye ma'aunin zafi a gida: digiri 38 ko sama, ba a jiran gari ya waye. A cika masa allurar rigakafi duka, a kare shi daga sauro. In ya kai wata tara a tambayi likitansa batun haidroksiyuriya, maganin da ke ƙara wancan jinin mai kariya. In har yanzu zuciyarki ba ta natsu ba, a sake gwajin don tabbatarwa, dama ƙa'ida ce, amma yana shan maganin ana jira.

Jikanki yana cikin masu sa'a, domin an gano shi kuma an same ku. A Najeriya kaɗai an ƙiyasta ana haihuwar jarirai wajen 150,000 masu sikila duk shekara, kuma kaɗan ne ake gwadawa a lokacin haihuwa. Ƙasar Gana ta fara nata shirin gwajin jarirai a Kumasi tun 1995 ta hannun Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, wanda ɗansa ma da cutar aka haife shi. Yanzu kuma akwai 'yan sandunan gwaji irin su HemoTypeSC da Sickle SCAN, masu ba da amsa cikin mintuna ba tare da lantarki ba. Ni a wurina darajarsu ba arha ba ce kawai: uwa tana zaune ake gaya mata.

Na taɓa karɓar wani yaro mai kumburarrun hannaye, yana gab da fara rarrafe. Da muka bincika sai ga sunansa a littafin ɗakin gwaji, SS, an rubuta da jan biro tun yana ɗan kwanaki. Lambar wayar da aka rubuta a katin ta rasa lamba ɗaya, kuma babu wanda aka ɗora wa alhakin nemo uwar. An kashe kuɗin gwaji, an sa shi a lissafin jariran da shiri ya gwada, an tura rahoto sama. Yaron bai sha penisilin ko cokali ɗaya ba. Shi ya sa in jami'i ya ce min sun gwada jarirai kaza, tambayata ɗaya ce: nawa ne daga cikin waɗanda aka gano suka fara magani a kan lokaci?

Likita, sakamakon ɗiyata ya nuna AS. Ita ma za ta sha magani? Daga wata mai jego.

A'a, 'yar'uwa. AS ba cuta ba ce, kuma ba ta rikiɗewa ta koma SS. Amma sakamakon yana nufin ke ko mahaifinta, ko ku duka, akwai mai ɗauke da S, wato gadon sikila. Ku je ku gwada. Idan ku biyu duka AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 ya zo da SS, kuma kowane ciki lissafinsa daban, wanda ya gabata ba ya rage wa na gaba komai. Ki adana takardar, ki ba ta idan ta girma.

Malam likita, ni ɗalibar aikin jinya ce. Na karanta cewa a Amurka ana gwada cututtuka sama da 30, a Ingila kuma kusan 10 kacal. Ingila ce ke rowa? Kuma ina ake kai katin bayan an gama?

Ba rowa ba ce, ɗiyata, bambancin ra'ayi ne, kuma ni na fi karkata ga masu taka-tsantsan.

A 1968 Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa ƙa'idoji 10 da wasu likitoci biyu, Wilson da Jungner, suka tsara, waɗanda har yanzu su ake komawa. Zuciyarsu ita ce: kada ka nemi cuta a jikin wanda bai kawo kuka ba sai cutar tana da muhimmanci, akwai gwaji amintacce, akwai magani, fara maganin da wuri ya fi jinkiri, kuma akwai wurin da za a kai wanda aka gano. Da farko kowace cuta da nata gwajin, shi ya sa jerin ya daɗe gajere: PKU, sai tayirod da aka fara a Kubek ta Kanada a shekarun 1970. A shekarun 1990 aka samu na'urar da ke auna sinadarai da yawa daga gutsure ɗaya, sai ƙara cuta ya zama da sauƙi. Amurka tana da jerin da gwamnatin tarayya ke ba da shawara a kai, amma kowace jiha ke yanke nata, saboda haka jarirai biyu da aka haifa a jihohi maƙwabta ba lallai a yi musu gwaji iri ɗaya ba. Duk shekara ana gano kusan jarirai 12,000 a can, har da masu matsalar ji. Jerin yakan ƙaru idan magani ya fito: cutar SMA mai kashe jijiyoyin motsi ta shiga a 2018, bayan an samu maganinta na farko a 2016.

Yawan gwaji kuma yana iya cutarwa, kuma Japan ta gani. A tsakiyar shekarun 1980 ta fara gwada fitsarin jarirai 'yan wata shida don gano wata sankara ta yara mai suna niyurobilastoma. An gano da yawa, an yi tiyata da yawa. Daga baya bincike a Jamus da Kanada ya nuna mace-mace ba su ragu ba: yawancin waɗanda gwajin ke kamawa irin ƙarin da ke bajewa da kansa ne, masu kisan kuwa suna kuɓuce masa. A 2004 aka dakatar da shirin. Ki riƙe wannan a ranki yanzu da ake maganar karanta dukkan ƙwayoyin halittar jariri. Ingila ta fara wani bincike da zai ɗauki jarirai 100,000 don neman cututtuka sama da 200. Zai ceci wasu, babu shakka. Zai kuma bar wasu iyayen da labarin wani abu da watakila ba zai taɓa tashi ba, suna kallon lafiyayyen yaro da idon majinyaci.

Ƙasar da kuɗinta ke da iyaka ba ta buƙatar kwaikwayon jerin kowa. Ta duba abin da ya fi yawa a jinin mutanenta. PKU ta fi yawa a Turawa, a Afirka ba kasafai ba. Inda sikila ta yi katutu, a fara da ita, a haɗa da tayirod, a yi su da kyau tun daga dunduniya har kantin magani. Burazil ta kafa shirinta na ƙasa a 2001, Filifin ta yi dokarta a 2004, kuma dukansu da cututtuka 'yan kaɗan suka fara suka riƙa ƙarawa.

Katin kuwa, akan ajiye shi. A Ingila aƙalla shekara 5, don duba ingancin aiki ko sake gwaji idan wani abu ya taso. Rigimar tana tasowa ne idan aka yi amfani da shi a wani abu ba da sanin iyaye ba. A jihar Tekzas iyaye sun kai ƙara a 2009 saboda ana ba masu bincike ragowar jinin ba tare da izini ba, kuma sulhun da aka yi ya sa aka lalata samfura sama da miliyan 5. Iyayen suna da gaskiya, kuma asarar ma gaskiya ce, domin da an nemi izini tun farko da yawansu za su bayar. Idan kin fara aiki, ki gaya wa uwa abin da za a gwada, da tsawon lokacin da za a ajiye katin, kafin ki kama ƙafar ɗanta. Sannan ki karɓi lambar waya biyu, ki karanta mata su da ƙarfi ta tabbatar, ki rubuta kwatancen gida, ki kuma gaya mata ranar da za ta zo ta tambaya da kanta idan ba ta ji kira ba.